Layi Ɗaya a Cikin Munduwa

A titin da ya miƙe daga ƙofar tashar jiragen ruwa, tsakanin mai sayar da igiya da mai gyaran takalmi, akwai wani shago wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje ya riƙe musu ƙofa. A nan wani tsoho yake zana rubutu a kan ƙarfe. Kofi, cokali, zobe, bayan agogo, duk abin da ma'aikacin jirgi ya saya zai kai wa na gida tsaraba, in ya kawo, tsohon zai sauko da tabarau ɗinsa mai ido ɗaya daga goshi, ya ɗauki alƙalamin ƙarfe, ya duƙa. Amma kafin ya taɓa komai sai ya yi tambaya: "Wa za a ba?" Tambayar ta bi shi har ta cinye sunansa na gaskiya. Duk titin Wazaba ake ce masa, har jikokinsa ma.

Karatunsa bai yi nisa ba, amma aikin ya buɗe masa wata ƙofa da ba kowa ya san da ita ba. Ya lura cewa a bakin kowace al'umma, wanda za a ba abu ba ya zama yadda yake. Baturke ya kawo kofi, ya ce sunan ɗan'uwansa Orhan, amma da ya zo rubutawa a takarda sai ga Orhan'a. Ɗan Rasha ya ce matarsa Larisa, a takarda ta koma Larise. Da farko Wazaba ya ɗauka kuskuren hannu ne, har ya taɓa gyara wa wani, mutumin ya kusa cin kwalarsa. Daga baya ya gane: sunan ne yake miƙo hannu don ya karɓa. Wasu harsunan suna fito wa suna da 'yar wutsiya. Balarabe yana turo ɗan aike a gaba, li, ya share wa sunan hanya. Ba'indiye nasa ɗan aiken a baya yake tafe, ko, kamar mai riƙe wa mutum jaka. Namu kuwa, in ji shi, wayo gare shi, ba ya taɓa sunan, sai ya maƙale a jikin aikin: saya wa, dafa wa, ɗinka wa. Wazaba yana iya wuni yana wannan magana in ya samu mai ji. Yawanci ba ya samu.

Mai jinsa na dole shi ne Kuku, wani tsohon mai dafa abinci a jirgi da ya ajiye aiki, ya mai da bencin ƙofar shagon ofishinsa. Kuku ya san gutsuren harsuna da yawa, inda bai sani ba kuma sai ya cike da hannu da gira da ƙarya kaɗan. Shi ne tafinta, ladansa shayi.

Wazaba yana da ƙa'ida, kuma bai taɓa karya ta ba. Ba ya ƙirƙiro wa kowa magana. Mai kyauta zai zauna a 'yar kujerar da ke gaban tebur, ya faɗi abin da yake so da bakinsa, ya rubuta a takarda. Sannan Wazaba ya gwada a murfin gwangwanin madara, in hannunsa ya saba da haruffan, sai ya taɓa kayan mutane. Ƙarfe ba takarda ba ne, ba a gogewa.

Wata safiya matarsa ta zo shagon, abin da ba ta saba ba. Ta ce wa Kuku ya kwashe ƙafafunsa daga hanya, ta shiga, ta kwance ƙullin hankici a kan tebur. Munduwar azurfa ce siririya, ta sha hannu har ta yi sumul. Ta mahaifiyarta ce, kafin nan ta kakarta.

"Ta Auta ce yanzu," in ji ta. "Da ita za ta tafi."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu. Nas ce, ta samu aiki a wani asibiti a ƙasa mai nisa, mai sanyi, kuma tafiyar ta matso. A gida ba a zancen komai sai akwati da rigar sanyi. Da an fara, Wazaba sai ya tuna bai ba tsuntsunsa ruwa ba, ya fita.

"Ka rubuta mata wani abu a ciki," in ji matar. "Layi ɗaya ne zai shiga, na duba."

Wazaba ya tura mata kujerar masu kawo aiki da ƙafa. "To zauna ki faɗa."

"Ba zan zauna ba. Ni na ba da munduwa, kai ka ba da magana. Kai ne ubanta."

"Maman Auta, ni fa hannu ne kawai. Ana faɗa mini, ina zanawa."

"To wannan karon faɗa wa kanka." Ta gyara mayafinta. "Kuma ka ji ni da kyau, Malam. In ranar tafiya ta zo na tarar da munduwar nan fayau, zan tsallaka titi da ita."

Kuku ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

A tsallaken titin akwai shagon Mai Inji, mai gilashi daga sama har ƙasa. Mutum ne mai tumbi da fara'a, yana da wata na'ura da ake danna mata haruffa ta zana su kafin ka gama hamma. Ba su taɓa faɗa da Wazaba ba, gaisuwa ma suna yi, daga nesa, da ɗaga hannu. Amma tun da aka buɗe shagon nan Wazaba bai taɓa taka wancan gefen titin ba. In zai sayi burodi sai ya zagaya ta bayan gidan mai. A ce kuma munduwar 'yarsa ta cikinsa ta shiga bakin inji, shi yana zaune da hannu biyu, wannan ko a mafarki bai yarda ba.

Da matar ta tafi ya jawo murfin gwangwani. Ya zana: Ga Auta. Ya duba. Kamar an liƙa a jikin kwali za a ba direba saƙo. Ya zana: Zuwa ga Auta. Wannan kuma wasiƙar ofis ce, saura a buga hatimi.

"Sa 'Allah ya tsare hanya,'" in ji Kuku daga ƙofa.

"Motar haya ce ita?"

"To sa 'Ga 'yata abar ƙaunata.'"

"Jiya na zana wa wani wannan. Shekaranjiya ma. Kai, tashi ka ba ni iska."

Ya zauna yana juya munduwar a haske. Can sai wani tunani ya zo masa, irin waɗanda suke zuwa masa da kyakkyawar fuska. Yarinyar nan za ta shiga cikin mutanen da sunayensu suke lanƙwasa in za su karɓi abu. Me zai hana ya tambayi ubanni na duniya yadda suke cewa? A cikin harsuna masu yawa haka, ba za a rasa guda ɗaya da ya faɗi abin daidai ba. In ya ji shi zai gane shi.

Wanda ya fara shigowa wani Baturke ne mai gashin baki kamar tsintsiya, ya zo a sa masa sunansa a kan bel. Da aka gama Wazaba ya ce wa Kuku, "Tambaye shi, in uba zai ba 'yarsa abu, yaya ake rubutawa?"

Kuku ya miƙe. Ya yi jijjigar jariri, ya nuna dogon gashi, ya daki ƙirji, ya miƙa hannu biyu kamar mai ba da tire, ya haɗa da kalmomi uku da shi kaɗai ya san asalinsu. Baturken ya kalle shi tsaf, sannan ya ɗauki biro ya rubuta: kızıma. Ya sa yatsa ya rarraba musu. Farkon ita ce yarinyar, tsakiyar ita ce "tawa," ƙarshen kuma, ya buɗe tafin hannu.

"Ka gani?" in ji Wazaba, idonsa yana ƙyalli. "Yarinya da uba da kyauta, duk a kalma ɗaya. Ba wanda ya bar wani."

Amma Baturken bai tashi ba. Ya tsaya yana kallon abin da ya rubuta. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya nuna musu hoton wata 'yar yarinya da giɓi a gaba tana dariya. Ya ce wani abu a hankali, ya fita. Ba a jima ba ya dawo da ɗan cokali sabo, ya ajiye a tebur, ya nuna takardar, ya nuna cokalin. Wazaba ya ture munduwar gefe, ya zana masa.

Na biyu Ba'indiye ne, siriri, mai yawan murmushi. Ya rubuta da haruffansu masu rataye a igiya, ya karanta musu: beti ko. Shi ma ya ciro hoto, ya fita. Da ya dawo ba shi kaɗai ba ne, ya taho da abokansa biyu, kowa da cokali.

Na uku wani ƙaton ɗan Rasha ne da sai da ya karkace kafin ya shiga ƙofa. Ya nuna musu yadda dochka take komawa dochke in za ta karɓa, ya zauna a 'yar kujerar har ta yi ƙara, ya fara kuka cikin wani hankici mai faɗin zanen gado. 'Ya'ya mata huɗu gare shi. Bajamushe ya biyo baya, ya yi bayani dalla-dalla cewa su 'yar ba ta motsi, "tawa" ɗin ce take canja riga. Shi ba shi da 'ya ko ɗaya, amma da ya ga kowa yana riƙe da cokali sai ya ji an bar shi a baya, ya tuna ƙanwarsa tana da guda.

Kafin a ce haka labari ya shiga tasha, ya hau jirage: akwai wani tsoho a bakin ƙofa da yake tambayar mutum 'yarsa. Mutanen da suka yi watanni ba wanda ya tambaye su komai sai takardun kaya suka fara yin layi tun daga shagon har gaban mai igiya. Cokulan titin suka ƙare, aka koma 'yan kofuna, aka koma zobba. Murafun gwangwani ma suka yi ƙaranci, Kuku ya ɗauki nauyin shan shayi da madara ba ji ba gani don a samu na gwaji, yana cewa sadaukarwa ce. Kowane murfi da aka gama da shi Wazaba sai ya huda shi ya zira a waya ya rataye, in iska ta shigo su yi ta kacau-kacau, 'ya'ya mata na duniya duka suna hira a kan ƙusa ɗaya.

Munduwa kuwa tana cikin hankicinta a aljihun tebur. Kowace safiya yana ciro ta, ya duba cikinta, ya ce yau, sai wani ya leƙo da hoto a hannu.

A gida, da yamma, ya tarar da Auta zaune a kan akwati tana ƙoƙarin rufe shi, uwarta tana cusa safa ta gefe.

"Sannu da zuwa, Baba. An ce ka zama ɗan kasuwa, layi har titi."

"Ke bari. Kin san akwai mutanen da ɗan aikensu yake zuwa a bayan suna, amma kuma in wasiƙa ce sai su canja ɗan aiken? Wani ɗan Japan ne ya nuna mini yau."

"An zana?" in ji matar, ba ta ɗago ba.

"Ana bincike."

"Bincike."

"Me ake zanawa?" in ji Auta.

"Ba ruwanki," suka ce tare.

Auta ta yi dariya. "Baba, kai kaɗai ne a dangi ba ka yi mini nasiha ba. Goggo ta yi, Kawu ya yi har sau biyu, mai kanti ma ya yi."

Wazaba ya miƙe. Ya ce bari ya duba tsuntsu.

Washegari da rana tsaka, lokacin da layi ya ɗan lafa, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda ba mai bi sai mai kwasar shara. Ya buɗe. Mai Inji ne, ya jawo hula har gira, yana waige-waige.

"Malam, tsakaninmu," in ji shi. Ya ciro ɗan zobe daga aljihu. "'Yata zan ba, ta gama makaranta. Tun da na ga mutanen nan suna fitowa suna share ido na kasa sukuni."

"Injinka fa?"

"Inji na abokan ciniki ne. Wannan ta gida ce."

Wazaba bai yi dariya ba, ko da yake ta zo masa har wuya. Ya nuna masa kujera. Mai Inji ya zauna, tumbinsa ya tokare tebur, ya share murya ya ce, "Ga Mamana." Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci. Wazaba ya zana, ya goge, ya miƙa masa, mutumin ya fita ta inda ya shigo, da sanɗa, kamar wanda ya saci kaza.

Wazaba ya daɗe yana kallon ƙofar. Ko Mai Inji ya san abin da zai ce wa 'yarsa, kalma biyu, bai ko yi tunani ba.

Ranar tafiya ta zo ba ta yi sallama ba. Jirgin saman da Auta za ta hau da yamma zai tashi. Hantsi ya ɗaga, Wazaba yana duƙe a kan kofin wani ɗan ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, sai ya ji layi ya yi tsit. Ya ɗago. Matarsa ce a ƙofa, cikin kayan fita.

Ba ta tambaya ba. Ta jawo aljihun tebur da kanta, ta kwance hankici, ta karkata munduwar a haske. Fayau.

"Maman Auta, dubi nan," in ji shi, ya sauko da wayar murafun yana karkaɗa mata. "Na kusa. Wannan na Turkawa ya yi kyau amma ba za ta iya karantawa ba. Wannan kuma..."

"'Ya'yan mutane nawa ka zana wa?"

"Ban ƙirga ba."

"Taka fa?"

Ta ƙulle hankicin, ta juya, ta ratsa layin. Ma'aikatan jirgi suka dare mata hanya, don wannan fuskar ba ta buƙatar tafinta. Ta tsallaka titi.

Wazaba ya tsaya a bakin ƙofa, tabarau a goshi, alƙalamin ƙarfe a hannu. Ya dubi Kuku. Kuku ya dubi cikin kofinsa. Sai Wazaba ya sa ƙafa a kwalta. Wata mota ta taka burki, direba ya leƙo ya faɗi abin da ya faɗa, bai ji ba. Ya tura ƙofar gilashin ya shiga, sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya dake shi, ya tsaya daga gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Injin yana ta ƙugi a kan wani kofin gasar ƙwallo. Mai Inji ya dubi matar, ya dubi munduwar da ta ajiye masa, ya dubi Wazaba. Gumi ya tsatso masa duk da sanyin. A hankali ya miƙa gwiwar hannu baya ya danne wani maɓalli. Injin ya yi shiru.

"Hajiya, sannu da zuwa. Sai dai an yi rashin sa'a, injin ya ɗauki zafi."

"Yanzun nan yake kuka."

"Ai kukan zafin ne."

"Yaushe zai huce?"

Mai Inji ya dubi silin. "Irin wannan zafin, Hajiya, sai jibi. Wani lokacin gata."

Matar ta dube shi har ya fara gyara kayan da ke kan kanta ba dalili. Ta juya ta dubi mijinta.

"Duk bakinku ɗaya," in ji ta. "Ban san yaushe kuka haɗa shi ba, amma ɗaya ne."

"Wallahi ban ce masa komai ba," in ji Wazaba. Ya matso, ya rage murya don kada Mai Inji ya ji, ko da yake shagon ba shi da wurin ɓuya. "Maman Auta, duk abin da na zana wa suna, ɗauka ake yi a fita da shi. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. In na zana, ta tafi ke nan."

Matar ta ɗauki munduwar daga kan kantar.

"Ko ba ka zana ba tafiya za ta yi, Malam. Sai dai ta tafi da hannu fayau. Wuce mu je."

A shago ta ce wa Kuku ya sallami mutane sai gobe. Kuku ya sallame su da harsuna biyar, amma tsintsiyar da ya ɗaga ita suka fi ganewa. Ba su tafi ba dai, suka koma gaban mai igiya suka tsaya suna leƙe.

Matar ta zagaya bayan tebur ta zauna a kujerar Wazaba. Ta miƙo hannu ta zare tabarau daga goshinsa ta maƙala a nata, ta sauko da shi, idonta ɗaya ya zama kamar ƙwai.

"Zauna can," ta nuna masa 'yar kujerar masu kawo aiki.

Ya zauna. Bai taɓa zama a kanta ba. Ashe ƙafa ɗaya gajeriya ce, in mutum ya motsa sai ta gyaɗa. Shekara da shekaru mutane suna faɗin abin da ke zuciyarsu a kan wannan abu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ta ƙanƙance murya irin tasa. "To, bawan Allah, ni hannu ce kawai. Faɗi da bakinka."

Daga ƙofa Kuku ya ƙware da shayi.

Wazaba ya dubi bango. Ya dubi murafun. Sai maganar ta ɓalle masa kamar famfon da aka daɗe ba a buɗe ba, da tsatsa da komai. A rubuta mata ta sa rigar sanyi tun kafin ta ji sanyin. Kada ta yarda a ba ta aikin da ya fi ƙarfinta don tana da haƙuri. In ta ɓata a hanya ta tambayi tsohuwa, kada ta tambayi saurayi. Ta riƙa bugo waya ko ba labari. Ta sani ɗakinta yana nan, ba za a zuba kaya a ciki ba. Ranar da aka haife ta ruwa ake yi, shi ya riƙe lema a kan ungozoma har ƙofa, ya manta kansa. Kuma ta ci abinci, don tun tana ƙarama in abu ya ɗauke mata hankali sai ta wuni ba ta sa komai a baki ba, a asibitin nan ma sau nawa abokan aikinta suna kawo ƙara, can kuwa wa zai lura, wa zai kawo ƙara.

Matar tana rubutawa a takarda har ta juya baya. Da ya tsaya, ta ciro zare daga gefen mayafinta, ta zagaya cikin munduwar da shi, ta gatse da haƙori, ta shimfiɗa a kan takardar. Ko layin farko bai cinye ba.

"Malam, wannan sai dai a jikin tankin ruwa. Rage."

"Cire ungozoma."

"Na cire. Rage."

"Cire ɗakin. Ta sani."

"Rigar sanyi ni na riga na faɗa mata. Waya kuwa ko ba ta bugo ba ni zan buga."

"Tsohuwar fa?"

"Wayarta tana nuna hanya. Rage."

Suka yi ta ja kamar masu cinikin akuya, yana kare kowace kalma, tana yanke ta da biro. A ƙarshe abin da ya tsira shi ne: Ga Auta, ki ci abinci, daga Baba.

"Daga Baba," in ji matar. "Ni kuma 'yar kallo ce?"

"Ke kin ba da munduwa."

"Cire. Ta san hannunka, ta san munduwata." Ta sake aunawa. Zaren ya gaza da kaɗan. Ta ja layi a kan kalmar farko. Ta juyo masa da takardar.

Auta, ki ci abinci.

Kuku ya leƙo ya karanta ta saman kafaɗarsa. "Ikon Allah. Ka tara wutsiyoyin duniya kaf, na sha madara har na ƙi jininta, a ƙarshe ko ɗaya ba a sa ba."

"Waɗancan na wanda ake aika wa ne," in ji Wazaba. "Ni da ita nake magana."

Suka canja wuri. Ya laluba neman murfin gwaji, babu ko ɗaya, duk sun tafi kan 'ya'yan mutane. Ya dubi matarsa. Ta matso da fitila ta riƙe masa. Ya matse munduwar a mariƙi, ya karɓi tabarau ɗinsa, ya yi bisimilla, ya sa alƙalami a azurfa kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba. A harafin farko, ƙafar A ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Daga nan ya natsu. Ba a jin komai sai ɗan kukan ƙarfe da numfashin Kuku.

Yana goge ƙurar azurfa motar haya ta tsaya a ƙofa, akwatuna a sama an ɗaure da igiya. Auta ta fito tana neman uwarta, ta ga taron ma'aikatan jirgi sun zuba mata ido, wasu suna cire hula.

"Lafiya? Baba, su waye waɗannan?"

"'Yan bincike ne," in ji uwar. "Miƙo hannu."

Auta ta karɓi munduwar, ta gane ta, ta dubi uwarta. Sannan ta karkata ta a haske ta karanta. Ta fashe da dariya har ta dafa ƙofa.

"Baba, duk harsunan nan da kake ba mu labari, wannan ka samo?"

"Sauran ba su shiga ba."

Ta sake karantawa. Dariyar ta tsaya mata a tsakiya. Ta zira munduwar a hannu, ta juya ta, ta goge ido da bayan hannun, ta ce ƙurar shagon nan ta yi yawa.

"Kin karya kuwa yau?" in ji Wazaba.

Auta ta dubi uwarta, uwar ta dubi titi.

Kuku ya miƙo rabin burodin da ya ajiye wa shayinsa na gaba. Ba yadda za ta yi. Ta tsaya a bakin shagon, da jakar tafiya a kafaɗa, tana cin burodi a gaban ubanni na ƙasashe barkatai, ƙaton ɗan Rasha yana gyaɗa kai da kowace loma. Direba ya danna ham.

"Ci a hankali," in ji Wazaba. "Jirgi zai jira."

"Ba zai jira ba," in ji matar. "Ta ƙarasa a mota. Kai ma shiga, ka matsa can, akwai jaka a ƙafarka."